Zauren Masu Karatu: Me Za a Ba Yaro Ya Rubuta?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan jiya sun karkata ne ga rubutun yara, da kuma wahalhalun da sabon marubuci kan sha kafin aikinsa ya kai hannun jama'a. Na zaɓi guda shida, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da 'ya mai shekara 9, tana aji huɗu na firamare, kuma tana karanta Hausa ba gargada. Sai dai duk lokacin da na ce ta rubuta labari, layi uku take yi ta ajiye biro ta ce ta gama. Na ba ta "Garinmu", na ba ta "Yadda na yi hutuna", duk kanwar ja ce. Wane irin batu ya kamata in riƙa ba ta? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ban ga laifin yarinyar ba, ke ma ban ga naki ba, domin batutuwan da kika ambata su aka ba mu muna yara, mu ma muka tashi muka miƙa wa na bayanmu ba tare da mun tsaya mun auna su ba. Illarsu ita ce faɗi. Idan aka ce wa yarinya mai shekara 9 ta yi rubutu a kan Funtuwa baki ɗaya, an ɗora mata kayan da ko babba sai ya nemi gammo, don haka sai ta ɗauki abin da kowa ya sani, ta ce garinsu babba ne, yana da kasuwa da masallaci, ta tsaya nan.

Na ga wannan da idona lokacin da nake koyar da aji biyar. Na ba ɗalibai "Kasuwarmu", aka kawo mini littattafai kusan hamsin waɗanda za a rantse mutum ɗaya ne ya rubuta su: kasuwarmu tana ci ranar Laraba, ana sayar da kaya iri-iri, mutane suna zuwa daga nesa. Da mako ya zagayo sai na sauya umarni. Na ce kowa ya je kasuwa ya tsaya kusa da mai sana'a guda ɗaya, kada ya tambaye shi komai, ya dawo ya rubuta abin da hannuwan mutumin suke yi kaɗai. Wani yaro da nake yi wa kallon malalaci ya cika shafi biyu a kan mai awon gero. Ya rubuta yadda yake cusa mudu cikin buhu, yadda yake tara geron da tafin hannu har ya yi tsini, yadda yake ƙirge da babbar murya yana maimaita adadin da ya kai don kada lissafi ya ɓace masa, da yadda, in mai saye tsohuwa ce, yakan damƙo gyara ya zuba mata ba tare da ta roƙa ba, alhali in ɗan birni ne sai an yi ja-in-ja. Ban koya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, inda zai ajiye idonsa kawai na nuna masa.

Saboda haka ki ƙanƙance batun har ya zama abin da za ta iya tsayawa a gabansa ta kalla. Ta rubuta ranar da aka aike ta sayo daddawa canji ya faɗi a hanya, da abin da ta shirya faɗa tun kafin ta iso ƙofar gida. Ta rubuta ranar ruwan farko na damina, tun daga lokacin da iska ta fara kaɗa ƙyaure har zuwa sa'ad da aka yi ta rige-rigen kwashe shanya da tara bokitai a bakin indararo. Ta rubuta abin da ragon layya ya gani daga inda aka ɗaure shi a kwana ukun da ya yi a gidanku, kuma ya zama ragon ne yake magana da bakinsa. Ki tura ta wurin kakarta ta tambayo wace waƙar gaɗa suke yi suna 'yan mata, a wane dandali, wa ke ba da waƙa, su wa ke amshi, ta dawo ta rubuta. Wannan na ƙarshe yana da riba biyu, domin ban da rubutun, za ki wayi gari da wani abu na tarihin gidanku a takarda wanda da ya tafi tare da mai shi.

Tatsuniya kuwa ita ce rumbun da ba ya ƙarewa, amma akwai dabara wajen ɗiba. In kika ce ta rubuta tatsuniyar da ta sani, kwafa kawai za ta yi daga ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi shi ne ki fara ba ta labarin da baki, daga "ga ta nan ga ta nanku", ki kai shi daidai inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya, kura ta tsare bakin rami, sai ki yi shiru ki ce ita za ta fitar da shi a rubuce. Wata rana ki ce ta ba da labarin daga bakin Ƙoƙi, wadda kullum ana ambatonta amma ba a cika jin ta bakinta ba. Wata rana kuma ki sauko da Gizo tashar Funtuwa da wayar hannu a aljihunsa da bashin mai shayi a kansa, ki ga yadda za ta yi da shi. Yara sun san halin Gizo sarai, wayo da kwaɗayi da tsamin baki, don haka an riga an ɗauke musu nauyin gina tauraro, saura su nema masa rigima.

Haka nan karin magana. Da yawa daga cikinsu gajerun labarai ne da aka matse, ana iya ba yaro ya warware. "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi." To, wane zakara ne wannan, a gidan wa aka ƙyanƙyashe shi, 'yan'uwansa nawa shaho ya sure, ta yaya ya tsere wa muzuru, kuma wa ya fara jin carar tasa? Ga labari nan cikakke. Kacici-kacici ma makaranta ce ta siffantawa. Bayan ta san cewa "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" tsintsiya ce, ki ce ta ƙirƙiro nata a kan fanka, ko injin markaɗe, ko katin waya.

Ki saya mata littafin rubutu na daban wanda ba na makaranta ba, kuma jan biro kada ya taɓa shi. Minti goma sha biyar sau biyu ko uku a mako ya isa. In ta gama, ita za ta karanta miki da bakinta, ke kuwa tambaya ɗaya ce taki: "Sai me ya faru?" Za ki ga layi ukun nan sun fara 'ya'ya.

TAMBAYA: Malam, ni malamin Hausa ne a makarantar firamare, ajina ya haura ɗalibai 70. Ina son su riƙa ƙirƙirar labari, amma kurakuran rubutunsu sun yi yawa, kuma in na ce zan gyara komai sai in kwana ina maki. Shin in bar kurakuran ne, ko in dage? Daga wani malami a Haɗeja.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri, domin wanda ke tsaye gaban yara 70 ya san abin da mu masu ba da shawara daga kan kujera muka manta. Shawarata ita ce ka raba aikin kashi biyu, kada ka haɗa su rana ɗaya. Ranar ƙirƙira, labari kake nema, kuma yaron da aka mayar wa takarda ta yi jajir kamar an yanka kaza a kanta ba zai ƙara sakin jiki ya rubuta doguwar jimla ba, zai koma ga gajerun da ya tabbata ba za su jawo masa duka ba. Ranar ƙa'idojin rubutu kuwa, ka ɗauki ƙa'ida ɗaya tak ka yi mako a kanta, kana ciro misalan daga rubutun yaran da kansu ba tare da ka ambaci sunan mai kuskuren ba.

Ka fara da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin su ne ke sauya ma'ana. Ka rubuta a allo "baki" da "baƙi", "fada" da "faɗa", "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari", ka sa su gina jimlolin ban dariya da ke fitowa in an musanya su. Yaron da ya taɓa yin dariya a kan "an yi faɗa a fada" ba zai sake mantawa ba. Daga nan ka koma kan rabawa da haɗewa, inda manya ma suke tuntuɓe a allunan shaguna da saƙonnin waya: "yana" a haɗe, "shi ne" a rabe, "gidansu" a haɗe, "za su" a rabe. Waɗannan ƙa'idoji an sha zama a kansu, tun daga Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, zuwa taron Bamako na 1966, da taron Yamai na 1980 wanda ya nemi daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. In makarantarku za ta iya mallakar Ƙamusun Hausa wanda Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, kwafi ɗaya a ofishin malamai zai kashe gardama da yawa.

Game da yawan ɗalibai, ba dole ne ka karanta littattafai 70 kowane mako ba. Ka karɓi goma bi da bi, yadda kowane yaro zai san cewa layi zai zo kansa. Sauran kuwa su yi musanya, kowa ya karanta wa na kusa da shi. Akwai kuma labarin karɓa-karɓa, wanda ya dace da babban aji: kai ka rubuta jimlar farko a allo, misali "Da asuba mai gadin makaranta ya tarar da raƙumi a ajinmu", kowane layin benci ya yi shawara ya ƙara jimla biyu, har labarin ya zagaye ajin. Wanda ya fi daɗi a kwafe shi da kyau a manna a bango ranar Juma'a, da sunayen waɗanda suka yi shi. In kana neman ranar da za ka gayyaci iyaye su saurari 'ya'yansu, Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, takan faɗo cikin dogon hutu, don haka 21 ga Fabrairu, ranar harshen uwa, ko 27 ga Mayu, ranar yara, za su fi yi maka sauƙi.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana karatu da Faransanci, amma yana son rubuta labari da Hausa. Yana rubuta "tahi" da "mi" da "ɗiya" kamar yadda muke faɗi, wani kuma ya ce masa wannan ba Hausar littafi ba ce. Mine ne gaskiya? Daga wani uba a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, wanda ya faɗa masa haka ya faɗi rabin magana. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka fi gina ta a kan karin Kano, ita ce ta jarida da littafin makaranta, kuma yana da kyau ya iya ta domin mai karatu a Yola ko Kumasi ya fahimce shi ba wahala. Amma mutanen da ke cikin labarinsa dole su yi magana yadda suke yi a zahiri. Tsohuwar Maraɗi da ta buɗe baki a labari ta ce "me ya faru" maimakon "mi ya hwaru" ta zama baƙuwa a ɗakinta. Saboda haka mai ba da labari ya bi daidaitacciya, taurari kuwa a bar su da harshensu.

Abin da ya fi buƙatar kulawarka shi ne tasirin rubutun Faransanci. Yaron da ya saba ganin Tasawa a rubuce "Tessaoua" zai so ya sa "ou" a wurin "u" ko "w", ya sa "tch" a wurin "c", ya sa "dj" a wurin "j". Wannan ne za ka zauna da shi ku gyara. Ka kuma sanar da shi cewa harafin da ku ke rubutawa ƴ a Nijar, mu a nan 'y muke rubuta shi, kuma duka biyun karɓaɓɓu ne. Tunda an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, yaron da ya iya rubuta ta da ƙa'ida ba zai rasa inda za a neme shi ba.

TAMBAYA: Baba, shekarata 22, na rubuta littafi a waya ina sakin shi kashi-kashi a zaurukan WhatsApp, kuma masu karatu suna yabawa sosai. Wani ya ce in kawo kuɗi ya buga mini kwafi dubu. Ina kuma tsoron a sace mini labari, don na ga an cire sunan wata an sa na wani. Ta ina zan fara? Daga wata matashiya a Gusau.

AMSA: 'Yata, shekarunki daidai suke da na Abubakar Imam lokacin da ya shiga gasar rubutun da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 daga Zariya, yana malamin makarantar Midil ta Katsina, gasar da ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko a rubutun boko. Na kawo wannan ne don ki lura da wani abu: waɗannan marubuta sun sami wanda ya karanta aikinsu da idon gyara kafin a kai shi injin. Shi ne abin da ba ki da shi yanzu. Yabon zauren WhatsApp yana da daɗi, yana kuma ƙarfafa gwiwa, amma mai rubuta miki "ci gaba, muna jira" ba zai gaya miki cewa tauraruwarki ta shiga jami'a a babi na uku sannan ta koma aji biyar na sakandare a babi na tara ba. Labarin da ake saki kullum yakan yi tumbi, domin marubuciya tana jan zare don kada masu bibiya su watse. Kafin ki yi zancen ɗab'i, ki haɗa shi wuri ɗaya, ki ajiye shi wata guda ba ki duba ba, sannan ki karanta da ƙarfi daga farko. Duk inda kika ji ke kanki kin ƙosa, ki yanke. Bayan haka ki ba mutum biyu waɗanda ba sa jin nauyinki, ɗaya masanin ƙa'idojin rubutu, ɗaya mai yawan karatu.

Sannan ki bambance mai maɗaba'a da kamfanin wallafa. Kamfanin wallafa shi ke zaɓar littafi, ya gyara, ya buga da kuɗinsa, ya rarraba, ya riƙa biyan marubuci kasonsa. Mai maɗaba'a kuwa aikinsa ya ƙare da zarar ya miƙa miki katan-katan, sayarwa taki ce. Wanda ya yi miki tayin nan, bisa ga bayaninki, mai maɗaba'a ne ko ɗan tsakani. Wannan ba aibi ba ne, domin da haka adabin kasuwar Kano ya tashi tun daga tsakiyar shekarun 1980, marubuta suna buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna haɗa kai a ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Sai dai a wancan zamani akwai 'yan kasuwar littafi da masu ba da haya a unguwanni, kuma waya ba ta kwashe masu karatu ba tukuna. Tambayar da za ki yi wa kanki ita ce, mutum nawa ne cikin masu yabon nan za su ciro kuɗi? Hanya mai sauƙi ta sani ita ce ki buɗe rajistar masu so, su biya kafin a buga. In mutum 150 suka biya, ki buga 300.

Ina faɗin haka ne da tabo a jikina. Littafina na farko na buga shi da yawa saboda an ce mini kuɗin kowane kwafi yana sauka in adadi ya hau, wanda gaskiya ne. Na kai wa wani dillali rabi a kan in ya sayar ya kawo kuɗi, ba takarda ba shaida, na yi ta sintiri har takalmina ya gaji na haƙura. Ragowar na tura ƙarƙashin gado, bayan damina biyu na jawo katan ɗin na tarar gara ta gina gari a ciki. Saboda haka duk yarjejeniyar da za ki yi, a rubuta: adadin kwafi, nauyin takarda, irin bango, ranar miƙawa, da wanda zai ɗauki asara in aka sami shafuka a juye. Kada ki biya kuɗi duka a farko, kuma kada a kunna inji sai kin duba samfurin ƙarshe kin sa hannu. Ki tafi da wani babba daga gidanku.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai alƙaluma 13, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ɗora wa mai wallafa mai zaman kansa ya ajiye musu kwafi uku na abin da ya buga. In a Kano za ki buga ko ki sayar, ki nemi sanin sharuɗɗan Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, domin littattafai ma suna ƙarƙashin kulawarta.

Batun sata kuwa, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutunki tun daga lokacin da kika rubuta shi, ko a takarda ko a waya, ba sai kin yi rajista ba, kuma kariyar tana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Abin da ke ba da wuya shi ne kafa hujja. Don haka ki adana kwafin farko mai ɗauke da kwanan wata, ki riƙa tura wa kanki kowane babi ta imel kafin ki sake shi, ki kuma yi rajistar ganin dama da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya in kin sami hali. Masu karanta littattafai a YouTube ma sai da izininki, kuma izinin ya kasance a rubuce. Ki dai sani cewa jigo ba mallakin kowa ba ne: kishi da auren dole da maraici kowa na iya rubutu a kansu, zubin kalmominki da ginin labarinki ne naki.

Kada ki zauna ke kaɗai. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma zaman karatu da ake yi a irin waɗannan ƙungiyoyi, inda za ki karanta shafi biyar a yi miki fiɗa a gabanki, ya fi yabo dubu amfani. Ki kuma gwada gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta. Labarin da aka saba nema a can bai wuce kalma 1,000 zuwa 1,500 ba, kuma ga wadda ta saba da babi sittin, matse labari cikin wannan iyaka horo ne mai kyau ko da ba a yi nasara ba. Ki karanta sharuɗɗan shekarar da za ki shiga da kyau. Ta ƙofar gasa ce Hafsat Abdulwaheed ta shigo, lokacin da kamfanin wallafa littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga littafinta a 1980.

TAMBAYA: Malam, na yi ritaya bayan shekara 35 ina koyarwa, ina so in rubuta littattafan labarai na ƙananan yara masu koyar da tarbiyya. Me ya kamata in sani? Daga wata tsohuwar shugabar makaranta a Azare.

AMSA: Hajiya, barka da hutawa, kuma wannan fage ne da ke kukan rashin ma'aikata, domin marubutanmu sun yi cincirindo a labaran manya sun bar yara da littafin aji kaɗai. Amma zan faɗa miki abin da na san zai yi wa tsohuwar shugabar makaranta nauyi: ki rage wa'azi. Yaro yana jin ƙanshin nasiha daga nesa, kamar yadda yake gane maganin da aka ɓoye a cikin tuwo. In labarin yaron da ya saci ƙosai ya ginu da kyau, mai karatu zai ji faɗuwar gaban da ɓarawon ya ji lokacin da mai ya bayyana a aljihun rigarsa, kuma ba sai kin ƙara shafin "darasin wannan labari" ba.

Ga 'yan ƙasa da shekara 7, jimla ɗaya ko biyu a shafi ta wadatar, da manyan haruffa, da maimaici irin na waƙar cikin tatsuniya wanda yaro zai riƙa amsawa. Abin da hoto ya nuna kada rubutu ya sake faɗinsa. Ki tsara littafin a shafi 16 ko 24 ko 32, saboda babbar takarda ake bugawa a naɗe a yanke, kuma shafin da ya fita daga wannan lissafi asarar takarda ne. Hoto mai cikakkiyar kala faranti huɗu yake ci a injin, shi ya sa littafin yara ya fi na manya tsada duk da ƙanƙantarsa. In kuɗi ya yi kaɗan, ki yi bango mai kala, ciki kuwa zanen baƙi da fari mai tsabta, wanda yara za su iya shafa wa kala da kansu. Ki zauna da mai zanen ki tabbata ya zana randa da murhu da allo da zaure irin na Azare, kada ya kwaso gidaje da tufafin wata ƙasa daga intanet. Ku kuma rubuta wa ke da mallakar hotunan bayan an biya shi.

Kafin ki kai maɗaba'a, ki koma tsohuwar makarantarki ki roƙi aji biyu na rabin sa'a, ki ba wata malama ta karanta, ke ki zauna a baya kina kallon yaran. Shafin da suka fara tsokanar juna a kansa, shi ne mai buƙatar gyara. In kina rubutu da Ingilishi ma, kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG, mai dala 100,000, tana zagayowa kan adabin yara sau ɗaya a shekara huɗu.

TAMBAYA: Baba, shekarata 12. Na fara labarai goma sha ɗaya amma ban gama ko ɗaya ba, saboda in na kai tsakiya sai wani sabo ya zo mini. Yaya zan yi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗana, na ji daɗin wasiƙarka, kuma na lura ka sa wa kowane ƙ da ɗ lanƙwasarsa, ka gaishe mini da malaminka. Ka ware shafukan ƙarshe na littafinka, duk sabon labarin da ya zo maka kana tsakiyar wani, ka rubuta shi a can cikin layi biyu, ka ce masa ya jira layinsa. Ba zai gudu ba.

Yanzu ka ɗauko goma sha ɗayan nan ka zaɓi wanda ya fi gajarta. Yawanci labari yana tsayawa a tsakiya ne saboda marubucin bai san abin da tauraronsa yake nema ba, don haka ka rubuta a saman shafi abin da yake so, da wanda ya tare masa hanya. Sannan ka tsallake tsakiyar, ka rubuta shafin ƙarshe tukuna, ko ya samu ko bai samu ba, ka dawo ka cike abin da ya rage. Kada ya wuce shafi huɗu. Ka gaya wa ƙanenka ko ƙanwarka cewa ranar Alhamis bayan sallar isha'i za ka karanta musu shi har ƙurunƙus, domin ƙanne ba sa yafe irin wannan alkawari. In ka gama, ka nemi izinin mahaifinka ka kwafe shi da kyau ka aiko wa wannan fili, tare da sunan ajinku.